Jinin Wanda Bai Ɗauki Makami Ba: Darasi Daga Basasar Kano

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya girmama ran ɗan Adam, ya kewaye shi da katangar shari'a. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan jini yake, watau jinin mutumin da yaƙi ya tarar a gonarsa, ko a marina, ko a bayan uwarsa yana goye, bai rataya takobi ba, bai ɗaura wa doki sirdi ba, ba a kuma shawarce shi ba sa'ad da manya suka ɓata. Idan ana maganar kisan kiyashi, galibi sai a tafi nesa neman misali. A ambaci abin da Tattar suka yi wa Bagadaza a 1258, ko sansanonin Sabra da Shatila a ƙasar Lebanon a 1982, ko Musulmin Bosniya su wajen 8,000 da aka karkashe a Sirebirenika a 1995. Duk gaskiya ne. Amma Bakano ba ya bukatar ƙetare teku. Ganuwar nan da ta kewaye Zaitawa da Yakasai da Sheshe da Madabo da sauran unguwannin cikin birni ta ga nata rabon, mafi ɗacinsa kuwa ba baƙo ne ya kawo shi ba. Jikokin mutum ɗaya ne suka yi shi, masu salla a masallaci ɗaya, masu karatu a gaban malamai ɗaya. Shi ne abin da Kanawa suke kira Basasa.

YADDA GIDAN DABO YA RABU

Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya rasu a 1846, 'ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi: Usman, sa'an nan Abdullahi Maje Karofi, sa'an nan Muhammadu Bello. Abdullahi ya daɗe bisa gadon sarauta, fiye da shekara 25, ya bar 'ya'ya masu yawa, da dama daga cikinsu suna riƙe da sarautu. Da Bello ya hau sai ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya yana naɗa nasa, ya kuma ba ɗansa Tukur sarautar Galadima. Shi Tukur ya yi suna a yaƙin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai Argungu, har ya shiga ran Sarkin Musulmi ƙwarai. Saboda haka da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, sai umarni ya zo daga Sakkwato a naɗa Tukur. Waziri Buhari ne ya yi naɗin, ko da yake an ruwaito cewa ya hango abin da zai biyo baya, ya faɗa, ba a ji ba. Mafi yawan gidan Dabo da manyan bayin sarki zuciyarsu tana wajen Yusufu ɗan Abdullahi, wanda shi ma ya taɓa riƙe sarautar Galadima. Ba a jima ba Yusufu ya fita daga birni tare da 'yan'uwansa da barorinsu, suka yi sansani a Takai. Daga ran nan ƙasar Kano ta tsage biyu, Tukurawa da Yusufawa.

Yusufawa suka shiga bin garuruwan gabas da na kudu. Wanda ya yi mubaya'a a bar shi, wanda ya ƙi, kamar Gaya, a ci shi da yaƙi. Sun sami gudummawa daga Gumel. Harin farko da suka kai wa birni bai yi nasara ba. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka naɗa ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ta wajen uwa. Da daminar wannan shekara Alu ya shiga Kano, Tukur ya fice zuwa Kamri wajen iyakar Katsina, har aka yi karon ƙarshe a Tafashiya cikin watan Maris 1895, inda ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Duka duka abin bai cika shekara ɗaya da rabi ba.

Wannan shi ne labarin sarakuna, shi ne kuma maroƙa da masu ba da tarihi suka fi tsayawa a kansa. Abin da ya shafi wannan fili kuwa shi ne abin da ya sami wanda ba Tukur ba, ba Yusufu ba. A duba halin dagacin ƙauye a wannan shekara. In ya buɗe wa Yusufawa ƙofa, Tukurawa su ɗauke shi ɗan tawaye. In ya rufe, Yusufawa su ci garin. Talakan da ke ƙarƙashinsa ba shi da ta cewa a ɗayan biyun, amma rumbunsa ake fasawa, ɗakinsa ake cinna wa wuta, 'yarsa ake tasa ƙeya. A cikin birni kuma zato ya zama shaida: ya isa a ce wane barancin gidan wane yake yi, ko 'yar gidan wane yake aure. Masana da suka bi diddigin wannan yaƙi, cikinsu har da Dakta Adamu Fika wanda littafinsa a kan Basasa ya fito a 1978, sun tattara ruwayoyi masu nuna cewa an kashe waɗanda aka kama bayan ƙura ta lafa, an ƙwace gidaje da dukiya, an kuma bautar da mutane 'ya'ya, Musulmi, waɗanda ba su gaji bauta ba.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robinson, wanda ya zo koyon Hausa, ya sauka Kano cikin watan Disamba 1894, ya yi wata uku. Ya rubuta cewa a lokacin zamansa an shigo da bayi wajen 1,000 a tashi ɗaya bayan wani hari. Gaskiya ne Bature yana da tasa manufa, irin wannan labari ma shi aka kafa hujja da shi daga baya aka ci ƙasar. Amma mai karatu ya lura da watannin. Su ne watannin da babban abokin gabar rundunar Kano shi ne Tukur da garuruwan da suka ba shi mafaka.

ABIN DA KE CIKIN LITTAFI

Shari'a ba ta yi shiru a kan faɗa tsakanin Musulmi ba. Aya ta 9 cikin Suratul Hujurati ta yi umarni da sulhunta ƙungiyoyin muminai in sun yi faɗa, da kuma yaƙar wadda ta ƙetare haddi har ta komo ga gaskiya, sa'an nan a shirya su bisa adalci. Abin lura a nan, ayar ta kira ɓangarorin biyu muminai alhali takubba suna zare, ayar da ke bi mata kuma ta kira su 'yan'uwa. Daga nan malamai suka fitar da babin bugatu, watau jama'ar da ta fita daga ɗa'ar shugaba da ƙarfin makami bisa wani tawili da take ganin hujja ne.

Malamai suna cewa daga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, aka koyi yadda ake yaƙar ma'abota alƙibla. A yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya sa aka yi shela cikin rundunarsa kada a bi wanda ya juya baya, kada a ƙarasa mai rauni, wanda ya yar da makami ko ya rufe ƙofarsa ya tsira. Da aka gama, waɗansu daga cikin mutanensa suka nemi a raba musu mata da dukiya ganima, suna mamakin yadda jinin mutane zai halatta amma iyalinsu su haramta. Sai ya tambaye su wane ne a cikinsu zai yarda Nana A'isha, uwar muminai, ta faɗa cikin rabonsa. Kunya ta kama su, magana ta mutu.

Wannan sunna ta Ali ita ce ta shiga littattafan Malikiyya. Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da Madabo ta shahara da karantar da shi tun kafin jihadi, wanda kuma alƙalan Kano suke yanke hukunci da shi, ya jera hukuncin bugatu a fili. Ba a bautar da su. Ba a ƙone itatuwansu. Ba a tsire kawunansu bisa masu. In an aminta daga sharrinsu ba a bin wanda ya gudu, ba a ƙarasa wanda ya faɗi. Dawakinsu da makamansu ana iya amfani da su in bukata ta kama, amma bayan yaƙi sai a mayar musu, tare da sauran dukiyarsu. To, wannan fa hukuncin wanda ya hau doki ya zare takobi ke nan. Ina ga matarsa da ke cikin kulle, ko manomin da iyakar laifinsa gonarsa tana kan hanyar runduna?

Kai, ko a yaƙi da waɗanda ba Musulmi ba ma akwai iyaka. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umaru cewa an ga gawar wata mace a ɗaya daga cikin yaƙoƙin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi inkarin abin, ya hana kashe mata da yara. A ruwayar Abu Dawuda an ƙara da ɗan ƙodago, watau wanda yake bin runduna don aikin lada. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyanu sa'ad da ya raka shi zai tafi Sham. Ya hana shi taɓa mace da yaro da tsoho tukuf, da masu ibadar da suka tsare kansu a ɗakunan bauta. Ya hana shi sare itace mai 'ya'ya, da rushe gini, da yanka akuya ko raƙumi in ba don ci ba. Ɗalibin da ya kai babin jihadi a Risala ya san wannan, ballantana alƙali.

Wani zai tambaya, to a Basasa wane ne bagi? A zahirin hukunci Tukur ne Sarkin Musulmi ya naɗa, saboda haka Yusufawa su ne suka fita. Su kuma suna da abin faɗa, don an tuɓe su ba da haƙƙi ba, an kuma ɗora wa Kano wanda manyanta ba su zaɓa ba. An ruwaito daga Imamu Malik cewa in shugaba irin Umaru ɗan Abdul'azizu ne, wajibi ne a tsaya masa a kan wanda ya fito masa, in kuwa ba irinsa ba ne, sai a bar su da juna. Wataƙila wannan yana cikin abin da ya sa mafi yawan sarakunan da Sarkin Musulmi ya umarta su taimaki Tukur suka yi nawa. Amma ko ta wace fuska aka warware wannan tambaya, amsarta ba ta halatta wa kowane ɓangare ɗigon jinin talaka ba, ba ta kuma halatta sayar da 'yarsa ba. Mai gaskiya a rigimar sarauta da marar gaskiya, hukuncinsu ɗaya ne a gaban rumbun da aka fasa.

SAI AN SAKE WA MUTUM SUNA

Abin mamaki shi ne yadda mutanen da suka san waɗannan hukunce-hukunce suke tsallake su. Hanyar kuwa guda ɗaya ce tun farkon tarihi: kafin a kashe mutum sai an fara sake masa suna. Muddin ana kiransa ɗan'uwa, ko maƙwabci, ko baƙo, hannu ba ya ɗaguwa. Sai an ce kafiri ne, ko munafuki, ko ɗan tawaye, ko na wane ne, sa'an nan wuƙa take samun hanya.

Hawarijawa ne suka buɗe wannan ƙofa. Malaman tarihi sun kawo cewa sun tare Abdullahi ɗan Habbabu, ɗan babban sahabin nan, yana tafe da iyalinsa mai ciki. A kan hanya ɗaya daga cikinsu ya tsinci dabino guda da ya faɗo ya jefa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca don bai biya ba, ya tofar. Da Abdullahi ya ga wannan tsantseni sai hankalinsa ya kwanta. Amma da suka tambaye shi game da Usmanu da Ali ya faɗi alheri, sai suka yanka shi a bakin ƙorama, suka farke cikin matar. Dabino guda ya fi jini nauyi a wurinsu, domin dabinon bai sake suna ba, shi kuwa mutumin sun riga sun kira shi kafiri. Wannan yana cikin abin da ya jawo yaƙin Naharawan a shekara ta 38. Bayansu Azariƙa, mabiyan Nafi'u ɗan Azraƙu, suka ƙara gaba, suka halatta kashe matan duk wanda ya saɓa musu da 'ya'yansa.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya toshe wannan ƙofa tun yana raye. Usamatu ɗan Zaidu, abin ƙaunarsa, ya kashe wani mutum a fagen fama bayan ya furta kalmar shahada, ya ba da uzurin cewa tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani, ya yi ta maimaita masa maganar har Usamatu ya yi burin da ma a ran nan ya musulunta. Shi ne daga baya ya ƙi shiga kowane ɓangare a faɗan da aka yi tsakanin sahabbai.

A nan ne ɗacin Basasa yake ƙaruwa ga wanda ya san asalin daular. Abin da ya kunna wutar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ne harin da rundunar Gobir ta kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, aka kashe na kashewa, aka ɗaure Musulmi za a wuce da su bayi ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Bayan wannan ne aka yi hijira zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804. Tun kafin haka ma, a 1615, Shaihu Ahmadu Baba na Tambutu ya ba da fatawa ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulunci waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu Abdullahi na Gwandu kuma, da ya ga abokan jihadi sun fara karkata ga mulki da dawaki da ƙwaraƙwarai, ya bar su ya nufi gabas, Kanawa suka tsai da shi wajen 1807, a nan birnin ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don su san yadda ake mulki da shari'a. Shekara 90 bayan Gimbana, sai ga abin da aka yi hijira dominsa ana yin sa a ƙasar Kano da hannun jikokin masu jihadi. Duk wanda ya kai Bakano Musulmi kasuwa a 1894, sai da ya fara gaya wa zuciyarsa cewa wannan ai na Tukur ne, ko kuwa na Yusufu ne.

Shekara 8 bayan Tafashiya, ran 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwa ta shiga Kano, Alu yana Sakkwato. Masu cewa sun zo hana zubar da jini kuwa ba su daɗe ba suka nuna nasu. Ran 10 ga Maris 1906, bayan mutanen Satiru da ke kudu da Sakkwato sun kashe Turawa uku da sojojinsu, aka tura musu runduna da manyan bindigogi, tare da dakarun sarakunan ƙasa. An ƙiyasta an kashe mutum wajen 2,000, mafi yawansu makaminsu fartanya da gatari, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka hana sake zama a cikinsa.

BAƘON DA KE CIKIN AMANA

Akwai wani babi da ba a cika son buɗewa ba, amma filin addini ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. An yi tarzoma a Kano cikin watan Mayu 1953, hukuma ta ƙirga gawa 36. Wadda ta fi ta muni ta zo a 1966. Ran 15 ga Janairu waɗansu hafsoshin soja suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan sojojin Arewa. Zafin wannan rashi ba abin musu ba ne. Amma a ƙarshen watan Mayu, sa'an nan kuma ran 1 ga Oktoba, sa'ad da sojojin bataliya ta 5 suka yi bore a Kano, waɗanda aka karkashe a Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama su ne akawu da ɗan tireda da makaniki na ƙabilar Ibo, waɗanda ba su san dare ɗaya na shirin juyin mulki ba. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma, sojojin tarayya kuma suka harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba cikin watan Oktoba 1967. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake wanke ɗaya.

Hukuncin a bayyane yake. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, kamar aya ta 164 cikin Suratul An'ami da aya ta 38 cikin Suratun Najmi, cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe mutumin da ke cikin alkawarin Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Amana kuwa ba sai sarki ne yake ba da ita ba. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani'i 'yar Abu Ɗalibi ta ɓoye waɗansu surukanta mushirikai a ɗakinta, ɗan'uwanta Ali yana neman kashe su, Annabi ya zartar da amanarta. Kanawan da suka ɓoye maƙwabtansu a 1966, da waɗanda suka tara musu kuɗin hayar gidajensu har suka komo bayan 1970, ko sun sani ko ba su sani ba, da wannan hadisi suka yi aiki.

Sa'an nan abin ya juyo gida. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, an taɓa korarsa daga Kano a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, ya komo ya kafa sansani a 'Yan Awaki, yana tsine wa duk wanda ba nasa ba. Daga ran 18 ga Disamba 1980 aka yi kwana goma sha ɗaya ana ɓarin jini, sai da soja suka shigo. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu. Ran Juma'a 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka kai hare-hare wurare da dama cikin Kano, aka rasa rai aƙalla 185. Ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 kuma suka tayar da bama-bamai a babban masallacin da ke jikin gidan sarki, a tsakiyar waɗannan unguwanni na cikin ganuwa, liman ya tayar da salla ke nan, suka bi masu gudu da harbi. Fiye da mutum 100 suka rasu. Irin waɗannan ba su shiga babin bugatu ba, domin bagi da shugaba yake faɗa. Wanda ya mai da kowa abin farauta muharibi ne, hukuncinsa yana aya ta 33 cikin Suratul Ma'ida, wadda take biye da ayar nan da ta daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane duka.

HUKUMA MA TANA DA IYAKA

Amma kasancewar abokin gaba muharibi bai kwance wa mai yaƙarsa hannu ba. Cikin 4,177 ɗin nan na 1980 ba duka ne mabiyan Maitatsine ba. Akwai mazauna unguwa da wuta ta rutsa da su, akwai almajirai da baƙin ƙauye da jama'a suka far wa bisa zato kawai, don kamanninsu ko suturarsu. Hukuncin muharibi a kan mutum yake sauka, da sunansa, a gaban alƙali. Ba ya sauka a kan unguwa ko ƙabila ko sana'a. A farkon daular Abbasiyawa waɗansu Kiristoci a dutsen Lebanon suka yi tawaye, gwamna Salihu ɗan Ali ya kashe masu laifi, ya kuma kori sauran jama'a daga ƙauyukansu. Imamu Auza'i, malamin Sham wanda ya rasu a shekara ta 157, ya rubuta masa doguwar wasiƙa yana tuhumarsa da kama jama'a da laifin 'yan kaɗan, yana tuna masa cewa waɗannan mutane 'ya'ya ne masu alkawari, ba bayinsa ba. Gwamnan nan kuwa baffan halifa ne.

In kuma ɓarna ta riga ta auku, shari'a ba ta yarda a rufe ta da ta'aziyya kaɗai ba. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8, Halidu ɗan Walidu ya kashe waɗansu mutane na Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu. Da labari ya zo, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Halidu ya aikata, alhali shi ne kwamandan da ya yi wa laƙabi da takobin Allah. Sa'an nan ya aiki Ali da dukiya ya biya diyyar kowane rai da kowane abin da aka ɓata, har da akushin da kare yake sha a ciki, abin da ya rage kuma ya bar musu saboda abin da aka manta.

Wannan ƙissa ita ce ma'aunin irin abin da ya faru a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna ran 3 ga Disamba 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu taron Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Amsa kuskure mataki ne, amma aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora wa kisan kuskure abu biyu, kaffara da diyya da za a miƙa wa iyalin mamaci, sai fa in su suka yafe. Diyya a mazhabar Malik raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Inda ma aka kasa tabbatar da wanda ya yi kisa, kamar Abdullahi ɗan Sahlu da aka tsinci gawarsa a Haibara, Annabi da kansa ya biya raƙuma 100 don kada jinin ya tafi a banza. Ba kuma kyauta ce da ake danƙa wa mai unguwa ko shugaban al'umma ya raba yadda ya ga dama ba. Gado ce, ana raba ta bisa ƙa'idar fara'ili, kowane mamaci da nasa magada. Matar mamaci ma tana da rabonta a ciki, kamar yadda Annabi ya rubuta wa Lahhaku ɗan Sufyanu ya ba matar Ashyamu gadonta daga diyyar mijinta, hukuncin da Sayyidina Umaru ya koma gare shi da labarin ya iso masa.

Allah ne mafi sani.